Sanƙira Ba Ta Gama Gaisuwa Ba

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Talata, Sanƙira ta yi gyaran murya a duk lasifikokin Birnin Dargaza lokaci guda. Na bakin kasuwa, na jirgin da ke bi ta saman gidaje, na wayar kowa, har da na banɗakin asibiti.

"Assalamu alaikum. Mai girma Shugaban Majalisar Birni, Alhaji Dokta Maikano Rabo. Mai girma mataimakinsa na ɗaya. Mai girma mataimakinsa na biyu, wanda kuma shi ne Uban Ƙungiyar Masu Kiwon Kifi..."

Tasalla tana zaune a ɗan ɗakinta da ke ƙasan benen Cibiyar Tsaron Sama, tana ɓare gyaɗa tana kallon agogo. Sai da aka ci minti huɗu da daƙiƙa goma sannan na'urar ta zo kan magana.

"...da sauran manyan baƙi, ina farin cikin sanar da ku cewa dutse zai faɗo bayan mayanka nan da minti huɗu da daƙiƙa hamsin. A shiga ramin tsira."

Dutsen ya faɗo, ya kashe akuya biyu da allon talla. Tasalla ta rubuta minti huɗu da daƙiƙa goma a wani littafi mai baƙin bango, ta ci gaba da cin gyaɗarta.

Asalin abin, shekara arba'in da suka wuce wasu masu ilimi na duniya suka ga bai kamata duwatsun nan da ke yawo can bayan duniyar Mas su yi ta yawo ba makiyayi ba, alhali cikinsu ƙarfe ne da zinariya. Suka ɗaure wani ƙato da ake ce wa Dunƙule, suka jawo shi kusa da gida don a ji daɗin haƙa. Dunƙule ya zo, aka yi biki, aka saka masa injin farko, ya tarwatse. Tun daga ranar ɓarɓashinsa ke zagaya duniya, wani kamar ƙwayar gero, wani kamar turmi, wani kamar ɗaki. Ƙananan suna ƙonewa a iska, yara su yi ta ihu wai tauraro ya yi gudu. Manyan kuwa sai sun iso ƙasa. Dargaza tana daidai ƙarƙashin hanyarsu. Ba wanda ya yi shawara da ita.

Shi ya sa aka ƙera Sanƙira. Tana da idanu ɗari shida a sama, tana bin kowane dutse da lambarsa. Ba ta iya tabbatar da inda zai sauka sai saura minti tara, don iska tana karkatar da shi, wani ma ya rabe biyu. Amma minti tara ba kaɗan ba ne. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ma za ta kai ramin tsira a minti shida, an gwada.

Da can magana uku take yi: "Dutse! Unguwa kaza! Ku gudu!" Mutane su gudu, su rayu. To sai wata rana ta yi haka ana tsakiyar jawabin wani babba a wajen buɗe gada. Manya suka ruga, wani hularsa ta faɗi, wani ya tattake matarsa, aka ɗauka a hoto. Washegari aka ce na'urar ba ta da tarbiyya. Shugaban Cibiya, Farfesa Haladu Jatau, ya ce ba za a ce a zamaninsa aka yi injin da ba ya gaida na gaba ba. Ya zauna wata uku ya fito da abin da ya kira Tsarin Ladabi: kafin Sanƙira ta faɗi komai, sai ta yi sallama, ta gaida duk manyan da ke cikin gari a ranar, kowa da cikakkiyar sarautarsa, bisa matsayi. Aka ba shi lambar yabo. Lambar ma aka ƙara ta a jerin.

Shekara uku ke nan da ranar da Iya Hansai, uwar Tasalla, ta hau soro shanya tumatir. Ranar ana babban taro a gari, baƙi sun zo daga ko'ina. Sanƙira ta fara gaisuwa. Maƙwabta sun ce sun hango Iya ta miƙe tsaye, ta haɗa hannu a gaba, ta ɗan karkata kai. Haka take yi in ana gaida manya, ba ta taɓa juya wa gaisuwa baya ba, kuma ai ba a faɗi unguwar ba tukuna. Da aka faɗi unguwar saura daƙiƙa hamsin. Matakalar soron tana da hawa goma sha huɗu.

Mutum bakwai suka rasu a Unguwar Marina. Rahoton Cibiya ya ce mamatan ba su nuna gaggawar da ta dace ba. Farfesa ya zo ta'aziyya da kyamarori uku masu tashi, ya zauna a tabarma minti biyu, ya ce Allah ya jiƙan Hajiya Hasana. Tasalla ta ce masa sunanta Hansai. Ya ce, "To, to, madalla," ya tashi.

Karatun Tasalla a aji uku na sakandare ya tsaya. Sauran a wani fasasshen allon hannu da ta tsinta a bola ta yi shi, tana karanta lissafin falaki ta tsakanin tsagar gilashi. Da Cibiya ta nemi mai shigar da sarautu a cikin Sanƙira, masu digiri suka ce aikin ya yi musu ƙanƙanta. Ita ta ce bai yi mata ba. Aka ba ta ɗaki a ƙasan bene, da kujera, da allo, da wani tsohon makirufo na gwaji da aka manta ba a cire ba, da jan maɓalli mai kashe muryar na'urar in za a yi gyara. Ba wanda ya tambaye ta 'yar wace ce. Shekara biyu da rabi tana buga Alhaji, Dokta, Injiniya, Jakadan Zaman Lafiya, ba ta taɓa kuskuren wasali ba.

Abin da masu digirin ba su lura da shi ba, ita ta lura. Dutsen da yake zallan ƙarfe ba ya jin iska. Ba ya rabewa, ba ya karkata. In kika taɓa rege shinkafa kin san tsakuwa ba ta bin ruwa, gindin ƙwarya take nufa kai tsaye. Irin wannan dutsen ana iya sanin masaukinsa tun saura kwanaki, in mutum zai zauna ya yi lissafin. Sanƙira ba ta faɗa, don Farfesa ya hana ta abin da ya kira jita-jita.

Ran nan, bayan akuyoyin mayanka, Tasalla ta buɗe lamba 7714. Ƙarfe ne, girman bijimin sa. Ta yi lissafi sau uku, sau uku yana ba ta abu ɗaya: Asabar, sha biyu saura minti ashirin na rana, Zauren Taurari.

Ta ajiye gyaɗar.

Zauren Taurari wani ƙaton gini ne mai rufin gilashi da Farfesa ya gina don manya su riƙa kallon sama suna zaune. Kuma ran Asabar ɗin nan a cikinsa za a naɗa shi sarautarsa ta ashirin da uku, Garkuwan Falaki. Ƙungiyar Masu Kishin Sararin Samaniya ce za ta naɗa shi. Shi ya kafa ƙungiyar bara.

Ta rubuta takarda shafi ɗaya ta hau da ita hawa na tara. Ba don ya ji ta je ba. So take ta ga ƙin da zai yi da idonta, ta adana.

Ta same shi tela yana gwada masa alkyabba a kan rigar digiri.

"Ranka ya daɗe, dutse zai faɗo kan zaure ran Asabar."

"Ke wace ce?"

"Mai shigar da sarautu."

"A'a, madalla, dama ina nemanki." Ya karɓi takardar, ya zaro jan biro. Tasalla tana kallo ya tsaya a layin farko. "Kin rubuta Farfesa Haladu Jatau kawai. Haka ake rubuta wa shugaba? Ina Injiniya? Ina Ɗan Masanin Taurari? A wace jami'a kika yi karatu?"

"Ban yi ba, ranka ya daɗe."

"Ga shi nan ai." Ya juya wajen telan. "Ka ji wai dutse. Na'ura mai ido ɗari shida ba ta gani ba, sai mai ido biyu." Tela ya yi dariya da allura a baki. Farfesa ya miƙo mata takardarta, ya haɗa da wasu shafuka huɗu. "Jerin baƙin Asabar ne, mutum arba'in da ɗaya. Ni ne a ƙarshe, uban taro shi ke rufewa. Duka ashirin da ukun za ki sa, da sabuwar. Kuma ki gaya wa na'urar nan ta daina sauri in ta zo kaina, tana haɗiye Jakadan. A hankali."

"A hankali, ranka ya daɗe. A sa mini hannu."

Ya rubuta a hankali a takardar, ya ja layi a ƙasa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Hatimin ma biyu ne.

Ta koma ƙasa ta buga jerin tsaf, ta sa Sanƙira ta karanta mata a ɗaki tana riƙe da agogo. Baƙi, minti bakwai. Farfesa shi kaɗai, a hankali, minti biyu da rabi. Tara da rabi ke nan. Wato na'urar za ta yi farin cikin sanar da su zuwan dutse rabin minti bayan ya iso. Tasalla ba ta ƙara ko harafi ba, ba ta rage ba. Ta duba sunayen: ashirin da shida daga cikinsu suna cikin jerin da Iya ta tsaya saurara.

Ran Juma'a bayan la'asar ta je gidan Inna Lantana, ƙanwar Iya, wadda aka ba kwangilar girkin bikin. Ta same ta cikin mata ana yankan albasa, ta ja ta gefe.

"Inna, gobe in kin ji Sanƙira ta ce mai girma, kar ki jira. Ki kwashe matanki da masu wanke-wanke da masu shara ku shiga rami."

"Wace unguwa?"

"Ba unguwa ba ce. Zauren ne."

Inna Lantana ta goge hannu a zani. "Kin gaya musu?"

"Na gaya wa mai zauren. Ya gyara mini rubutu."

"Ke Tasalla. Ni na yi miki wankan farko a hannun Hansai, kar ki yi mini wannan fuskar ta katako. Mutum nawa ne a ciki?"

"Arba'in da biyu, har da shi. Da masu riƙe musu jaka."

"Da 'yan makarantar Marina talatin da za su yi waƙar maraba. Tun Litinin suke haddace ta, ta hana mu barcin rana. Su ma su suka kashe miki uwa?"

Tasalla ba ta san da su ba. Ba sa cikin jerin. Ba su da sarauta.

"Ki kwashe su ma," ta ce.

"Ta ina? A gaban dandamali za a jera su, 'yan sanda a ƙofa. Ni mai tuwo ce, wa zai bar ni in shiga?" Inna ta kama haɓarta ta ɗago. "Ni ma Hansai 'yar'uwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk ranar da na ga busasshen tumatir sai na fita daga kasuwa. In Haladu ne, ki kawo shi in daka miki shi a turmi. Amma kar ki sa wata uwa ta zo tana gyara wa mutane sunan 'yarta a tabarmar makoki."

Tasalla ta ce, "Albasarki tana jira, Inna." Ta tafi.

Asabar, sha ɗaya da rabi da minti ɗaya, Sanƙira ta yi gyaran murya.

A allon Tasalla zauren ya cika fal. Rana tana dukan rufin gilashi, na'urar sanyi tana fama. Farfesa yana kan dandamali cikin rigar digiri da alkyabba da rawani, da sarƙar lambobin yabo har cibiya. Da ya ji sallama sai ya ɗaga hannu, ya yi murmushi, wai a yi shiru a ji na'urarsa. Ya ɗauka gaisuwar biki ce. Kowa ma haka ya ɗauka.

"Mai girma Shugaban Majalisar Birni..."

A kyamarar baya Tasalla ta ga Inna Lantana ta yar da ludayi, mata suna bin ta a guje, wata da murfin tukunya a hannu. Minti ɗaya.

Ta zauna ta harɗe hannu. Shekara uku take jiran wannan kujerar a wannan mintin. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, kowa in an zo sunansa sai ya ɗan gyara zama, ya kalli na kusa da shi. Minti biyu. Ba ta ji tausayin ko ɗaya ba, ta ma bincika ko za ta ji, babu.

Sai kyamara ta sauka gaban dandamali. 'Yan mata talatin cikin farin hijabi, an jera su bisa tsawo. A gefensu malamarsu, wata doguwa mai tabarau, ta miƙe tsaye, ta haɗa hannu a gaba, ta ɗan karkata kai.

Minti uku.

Tasalla ta ja tsaki, ta jawo tsohon makirufon, ta hura masa ƙura, ta murɗa shi har ƙarshe.

"Dutse! Zauren Taurari! Ku gudu!"

Muryarta ta danne ta na'urar a duk garin.

"Malama mai tabarau, ke nake wa magana! Kwashe yaran nan, ramin yana ƙarƙashin wajen ajiye motoci! Saura minti shida! Ku kuma masu girma, in kun ga dama!"

Malamar ce ta fara motsi. Daga nan kuma ba wanda ya jira matsayi. Mataimaki na biyu ya riga na ɗaya fita. Wani Jakadan Zaman Lafiya ya ture wani Jakadan Zaman Lafiya. Takalma, huluna, sanduna masu kan azurfa, duk aka bar wa zaure. Sanƙira kuwa ko a jikinta, tana ta gaida mutanen da ke tsallake kujeru, don ba a gina ta ta tsaya ba.

Farfesa ya tsaya kan dandamali yana ɗaga hannu. "Ku zauna! Wace marar kunya ce wannan? Ba na'ura ba ce, ku zauna! Ba a yi naɗi ba!" Har mai riƙe masa jaka ya tafi da jakar. Da ya ga zaure ya zama shi kaɗai, ya ɗaga kai ya kalli gilashi, ya tattare alkyabba ya sauko. Kayan sun yi masa nauyi, sarƙar tana dukan cikinsa, amma yana tafiya. Tasalla ta duba agogo. Minti bakwai daidai ya kai bakin ƙofa. Daga nan zuwa rami, ko da alkyabba, minti ɗaya da rabi ne. Zai kai.

"Sai kuma uban taro," in ji Sanƙira, a hankali. "Mai girma Shugaban Cibiyar Tsaron Sama, Farfesa, Injiniya, Dokta, Dokta..."

Ya tsaya.

Ƙafa ɗaya a waje, ɗaya a ciki. Bai taɓa jin ta ashirin da ukun a lasifika ba. Kuma yau duk garin ke ji, har banɗakin asibiti. Tasalla ta ga ya waiga, ya kalli hanyar rami, ya kalli agogon hannunsa, yana lissafi irin nasu na masu ilimi. Sai ya dawo da ƙafar ciki, inda sauti ya fi fita. Ya gyara rawani.

Jan maɓallin yana nan kusa da gwiwar hannunta. In ta danna, na'urar za ta yi shiru, shi kuma ya farka ya ruga. Ta ɗora yatsa a kai. Sanyi gare shi. Ta tuna hawa goma sha huɗu. Ta tuna Hajiya Hasana. Ta kalli takardar da ke gabanta mai sa hannu da hatimi biyu, inda aka rubuta a hankali, aka ja layi a ƙasa.

Ta ɗauke yatsan, ta ɗauki gyaɗa.

"...Ɗan Masanin Taurari, Sarkin Yaƙin Kimiyya, Jakadan Zaman Lafiya na Matasa, Uban Marayun Unguwar Marina..."

Wannan ita ce ta goma sha tara. Bayan rasuwar mutum bakwai aka ba shi ita.

Allon ya yi fari, ya mutu. Ƙarar ta iso ƙasan bene daga baya, ta zubo da ƙasa daga silin a kan littafinta. Sanƙira ta ƙarasa sauran huɗun a nutse, ba ta haɗiye komai ba, sannan ta ce tana farin cikin sanar da jama'a cewa dutse ya faɗo rabin minti da ya wuce, a shiga ramin tsira.

Tasalla ta buɗe littafi ta rubuta minti tara da rabi. Ta jira ta ji daɗin da ta yi shekara uku tana tanadi. Ya zo, amma ɗan kaɗan ne, bai kai yadda ta auna ba, kuma Iya ba ta sauko daga soron ba.

Mutum ɗaya ya rasu. Yara talatin sun koma gida da waƙarsu ba a rera ba. Kwamitin bincike ya zauna wata biyu, ya gano cewa musabbabin abin shi ne wata ƙaramar ma'aikaciya da ta yi wa manya magana ba sallama, ta jawo ruɗani. Aka kore ta, aka cire makirufon. Ramin da dutsen ya haƙa aka kewaye shi da ƙarfe, aka sa masa sunan marigayi, allon sunan ya fi ramin faɗi. Sabon shugaban Cibiya kuma, don girmamawa, ya ba da umarni cewa daga yanzu Sanƙira ta riƙa karanta sarautun marigayi duka ashirin da uku kafin na masu rai.

Tasalla ta koma taya Inna Lantana girki. Ba su taɓa tada zancen jan maɓallin ba. Inna dai ta kalle ta sau ɗaya, ta miƙa mata wuƙa da albasa.

Amma matan da suka gudu da ludayi sun ba da labari a gidan suna da gidan biki, labari ya zaga. Yanzu a Dargaza ba mai jiran a faɗi unguwa. Da an ji mai girma, mai shayi ya bar shayinsa, mai jego ta suri jaririnta, gari ya koma ƙarƙashin ƙasa. Daga ranar ba a sake rasa rai ba, kuma Cibiya ta karɓi lambar yabo a kan haka.

Matsala ɗaya ce. Mutane ba sa tsayawa bambance muryar na'ura da ta mutum. Watan jiya aka zo buɗe sabon zaure, an yi rumfa, an jera kujeru dubu, duk sun cika. Mai gabatarwa ya kama makirufo ya ce, "Mai girma..."

Kafin ya ɗago kai daga takarda, ba kowa sai manyan da ke kan dandamali, suna zaune a jere bisa matsayi, kowa yana jiran a zo kansa.